Wuta Biyu a Bakin Shuɗin Nilu: Yadda Ginin Zawiya Ya Faro a Ƙauyukan Hausawan Sudan

Tun kafin assalatu, lokacin da sanyin kogi yake ratsa ƙashi, ake jin motsin yara a tsakar fili. Wani ya jawo guntun icen bagaruwa, wani ya tono garwashin jiya daga ƙarƙashin toka, ya durƙusa yana hurawa har harshen wuta ya miƙe. Kafin ka ankara an yi da'ira, kowa ya kafa allonsa a gwiwa ya karkata shi wajen haske. Wurin da suke zaune tudu ne, amma ba na ƙasa ba. Tokar shekara da shekaru ce ta taru ta daskare har ta zama dandamali. Mutanen Sudan suna kiran wannan wuta tugaba. Can bayan wata katanga kuma wata wutar ce ke ci a ƙarƙashin tukunya, don kada wanda ya kwana a gidan ya kama hanya da yunwa.

Wanda yake son ya san ginin zawiya a ƙauyukan Hausawa da Fulani na Jazira da bakin Shuɗin Nilu, daga nan ya kamata ya fara. Bango daga baya ya zo, kuma ya sha canzawa: daga zana zuwa laka, daga laka zuwa jan bulo, daga jan bulo zuwa siminti. Wutar Alƙur'ani da wutar abinci su ne harsashin. A kansu aka auna fili, saboda su aka ja katanga, kuma su ne suka sa mutanen da ba dangin iya ba na baba suka riƙa kiran juna 'yan'uwa.

Abin da masu zuwa suka tarar

Jazira ita ce shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, kudu da Khartum. Tun daga 1504 har zuwa 1821 tana ƙarƙashin daular Funj, wadda hedikwatarta take Sinnar. A zamanin wannan daula ne ɗariƙu suka kafu a ƙasar. A ƙarni na 16 Shehu Tajuddini al-Bahari ya zo daga Bagadaza ya zauna a Jazira, ya ba da Ƙadiriyya ga wasu manyan gidaje. Sarakunan Sinnar suna ba malamai ƙasa, suna ɗauke musu haraji, kuma wanda ya gudu ya shiga gidan shehu ya sami mafaka. Littafin Ɗabaƙat na Wad Daifallah, wanda aka rubuta a farkon ƙarni na 19, ya tattara tarihin sama da mutum 200 daga cikin waɗannan malamai da waliyyai.

Gidan irin wannan shehu shi ake kira masid, kuma fasalinsa kusan ɗaya ne ko'ina. Akwai masallaci. Akwai halwa, wato makarantar allo da ɗakunan almajirai, waɗanda ake kira hiran. Akwai tugaba a fili. Akwai takiyya, wurin girki da rabon abinci. Akwai ɗakunan baƙi, da rijiya, da rumfar randunan ruwa. A wasu wuraren akwai ɗan kogo da aka haƙa a ƙasa inda shehu yake keɓewa don ibada. Idan shehu ya rasu sai a gina ƙubba a kan kabarinsa, ita ce kuma abin da matafiyi yake fara hangowa, domin a ƙasar da ba dutse ba tudu, duk abin da ya ɗaga sama ana ganinsa daga nesa.

Tsofaffin ƙubbobin zamanin Funj ba su yi kama da na Masar ko na Turkiyya ba. Daga ƙasa suke tasowa a kewaye, suna tsukewa a hankali har su haɗe a sama, kamar an kife rumbu mai tsini. Daga baya, bayan zuwan Turkawa a 1821, aka fi yawaita gina ɗaki mai kusurwa huɗu a ɗora tulluwa a kansa. Wanda ya je Abu Haraz, a gabashin kogi kusa da Wad Madani, zai ga jerin ƙubbobin shehunan Arakiyyin. Sunan garin ma Bahaushe zai ji shi kusa da zuciya, don haraz shi ne icen gawo. A Umm Dawwan Ban, gabas da Khartum, masid ɗin da Shehu al-Ubaid wad Badr ya kafa a tsakiyar ƙarni na 19 ya yi suna da tugabar da mutanen wurin suke cewa ba ta taɓa mutuwa ba.

Har babban juyin da ya girgiza Sudan ma a gindin ƙubba ya fara ɗaure ƙulli. Wajen 1880, Muhammad Ahmad yana aikin gina ƙubba a kan kabarin malaminsa na ɗariƙar Sammaniyya, Shehu al-Ƙurashi wad al-Zain, a Jazira, sai wani baƙo daga yamma mai suna Abdullahi ya zo ya same shi. A 1881 Muhammad Ahmad ya bayyana kansa Mahadi a tsibirin Aba, Abdullahi kuma ya zama halifansa.

Masu hijira

Hausawa da Fulani da Barebari sun daɗe suna bin wannan hanya zuwa Makka, ta Wadai da Darfur da Kordofan, su tsallake kogi su nufi Sawakin. Wasu sun yada zango ba su ƙara gaba ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne wani malami Bafulatani, Shehu Ɗalha, wanda ya zauna a gabashin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar a ƙarni na 19, har garin ya ɗauki sunansa. Sannan a cikin jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo akwai tsohon zance cewa a ƙarshen zamani za a yi hijira zuwa gabas, wajen kogin Nilu.

Ranar 15 ga Maris 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya zaɓi hijira a kan zama ƙarƙashinsu, jama'a kuwa suka yi ta barin gonaki da gidaje suna bin sa. Ranar 27 ga Yuli 1903 aka kashe shi a Burmi tare da ɗimbin mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar suka ci gaba da tafiya, har suka sauka a garin Shehu Ɗalha a 1906. Daga nan suka tsallaka yammacin kogi suka sari daji, suka kafa garin da har yau ake kira Maiurno, kimanin kilomita 15 kudu da Sinnar. A cikin waɗanda suka tsira daga Burmi har da Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Alhaji Umaru Futi, wanda ya wuce Madina ya zama madogarar Tijjanawan Afirka ta Yamma har ya rasu a 1931.

A lura da inda suka fara sauka: gidan malami. Mutanen da suka rasa ƙasa da sarauta da dukiya, ƙofar da ta buɗe musu ita ce ta masid. Kuma abin da suka gani bai zame musu baƙo ba. Jama'ar Shehu da ma Ƙadirawa ake kiran su. Tugaba ita ce wutar tsangaya da kowane gardi ya sani. Tawadar da ake kira amar, ta kunkunniya da ƙaro, 'yar'uwar tawadar zuge ce. Abin da ake kira mihaya shi ne rubutun sha. Suna ne ya bambanta, aikin ɗaya ne.

Me ya sa ginin ya yi sauƙi

A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, wanda da aka haɗa shi da na Manaƙil ya haura fadan miliyan 2 (fadan ma'aunin gona ne a Sudan). Auduga tana son hannu, musamman lokacin tsinka. Dubban mutanen yamma, waɗanda 'yan ƙasa ke kira Fallata ko Takari, suka tsaya aiki don su tara guzurin hajji. Wasu suka kafa ƙauyuka a bakin Shuɗin Nilu da Dindir da Rahad. Wasu suka tafi tsibirin Aba suka yi wa Sayyid Abdurrahman ɗan Mahadi noma. Wasu kuma suka zauna a sansanonin leburori da ke gefen magudanan ruwa, waɗanda ake kira kambo, jam'insu kanabi.

Abu biyu suka hana waɗannan mutane gini mai nauyi. Na farko yana cikin zuciya. Mutumin da yake ɗaukar kansa matafiyi ba ya zuba dukiyarsa a bango. Masanin nan Bawa Yamba, a littafinsa na 1995 a kan Hausawan Jazira, ya nuna yadda jikoki da tattaɓa-kunnen da aka haifa a can suke ci gaba da kiran kansu masu niyyar hajji da ke kan hanya. Na biyu yana cikin doka. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Wanda kakansa ya iso a 1906 ya makara da 'yan shekaru. Mazaunin kambo kuwa a kan ƙasar aikin noma yake, ba tasa ba ce, kuma ba a kafa jan bulo a inda za a iya cewa ka tashi gobe.

Saboda haka zawiyar farko a irin waɗannan wurare rumfa ce, wadda ake kira rakuba: 'yan dirkoki, rufin kara, shimfiɗar rairayi, da jerin duwatsu ko guntayen ice da ke nuna alƙibla. Kusa da ita sai bukka mai jinka, wato guɗɗiya, inda baƙo zai ajiye kayansa. Amma duk sauƙin nan, ita ce ake fara kafawa, ita ce kuma ake fara gyarawa kafin damina. Mutum zai haƙura da yoyon ɗakinsa, ba zai haƙura da yoyon ɗakin 'yan'uwa ba.

Laka ta bi halin ƙasa

Da zama ya yi nisa aka shiga ginin ƙasa, sai magini Bahaushe ya tarar da abin da ya saba da shi bai biyo shi ba. A Kano da Zazzau jar ƙasa ce mai birji, ana murza tubali mai kamar ƙwai a shanya, a jera shi tsaye a shafe da kwaɓi. Ana da giginya, daga ita ake tsaga azara wadda gara ba ta ci, da ita ake ɗaure bakan gizo a ɗora tulluwa. Da wannan hikima Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Ƙasar Jazira baƙar laka ce, irin wadda mutanen Borno ke kira firgi. Da damina ta sha ruwa ta kumbura, da rani ta bushe ta dare har ƙafar akuya takan faɗa cikin tsagar. Bangon da aka ɗora mata yana hawa yana sauka tare da ita. In ya yi tsawo ko ya ɗauki rufi mai nauyi, tsagewa zai yi. Dole aka koyi ginin 'yan ƙasa, wanda ake kira jalus.

Ga yadda ake yin sa. Ana kwaɓa laka da ƙafa a bar ta ta kwana. Magini ya hau kan bango, yaro yana jefa masa curi daga ƙasa, shi kuma yana caɓewa yana dannawa yana shafe gefe da tafin hannu, har sahu ɗaya ya zagaye ɗakin, tsayinsa kamar kamu guda. Sai a sauka a bar shi ya sha rana kafin a ɗora na gaba. Ba a gaggawa, don sahun da aka ɗora a kan ɗanye zai zame. Wanda ya dubi tsohon bango da kyau zai iya ƙirga sahun, ya san kwana nawa aikin ya ci. Rufi kuwa, sai a gitta babban gungume da ake kira mirig, na goruba ko bagaruwa, in ɗakin yana da faɗi a tokare shi da ginshiƙi a tsakiya. A jera ƙananan itatuwa, a shimfiɗa tabarmi da ciyawa, a zuba laka a daddale, a fitar da indararo, wanda a can ake kira sabaloƙa. Maimakon makuba da katsi, sai yaɓen zibala, wato kashin dabbobi da aka jiƙa ya ruɓa aka gauraya da laka, ana sabunta shi duk shekara kafin saukar ruwa.

Shi ya sa zawiyoyin wannan yanki suka fito gajeru masu faɗi, ba zankwaye, ba zanen dagi a goshi. Ƙawar ginin Hausa ta tsaya a gida. Abin da ya tsallako shi ne tsarinsa: wurin maza da baƙi a gaba, cikin gida a ɓoye. Zaure ya haɗu da halwar baƙi ta mutanen Jazira, suka zama abu guda. Baƙo ya yi sallama, a ce masa, "Maraba da Alhaji," ko da bai taɓa ganin Ka'aba ba, don duk wanda ya fito daga yamma niyyarsa ake kira. A ba shi ruwan randa da gadon igiya, ba a tambayar ranar tafiyarsa.

Fili da ɗaki

Ɗariƙa ma tana faɗa wa magini abin da zai yi. Zikirin Ƙadiriyya da Sammaniyya a Sudan na fili ne. Ana kafa tutoci, ana buga manyan gangunan noba da tambura, ana yin da'ira mai faɗi, derwishai cikin riguna masu faci kore da ja suna zagaye. Irin wannan gida ƙarfinsa yana waje, katangarsa tana rungumar sarari.

Wazifar Tijjaniyya kuwa ta ɗaki ce. Ana zama sahu a kewaye, ana yin istigfari, da Salatul Fatihi, da hailala, idan an zo Jauharatul Kamali a shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiya. Wurin dole ya kasance mai tsarki, wanda dabba ba ta ratsawa, ƙura ba ta cika shi. Don haka zawiyar Tijjanawa ɗaki ce mai ƙofa, mai tabarmi ko rairayi mai tsabta, da ƙusa ko alkuki a bango inda ake ajiye ƙyallen a naɗe. Ran Juma'a bayan La'asar, lokacin zikiri, jama'a kan yi yawa har a bazu zuwa rumfar gaba. Bayan da failar Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha ta bazu daga Kano zuwa gabas, irin waɗannan ɗakuna sun ƙaru a unguwannin Hausawa.

Hanyar ba ta tafiya kaɗai ba ce, har da dawowa. A 1949, a kan hanyarsa ta komawa daga hajji, Shehu Nasiru Kabara ya biya ta Sudan ya sadu da Shehu Muhammad al-Fatih Ƙaribullah, halifan Sammaniyya. Wanda ya ga tutoci da bandiri a Gidan Ƙadiriyya na Kano, sannan ya ga filin zikiri a bakin Nilu, zai gane cewa zumuncin ya daɗe.

Jan bulo, siminti da ɗakunan da suka yi shiru

A bakin Shuɗin Nilu ana ƙona jan bulo da lakar da kogi yake ajiyewa bayan ambaliya. Garuruwan da suka sami tabbacin zama, irin su Maiurno, suka fara sauya jalus da shi, masallaci kuma shi ne kan gaba. Daga shekarun 1970 kuɗin masu aiki a Saudiyya da ƙasashen Larabawa ya kawo siminti da kwano da ƙofar ƙarfe da lasifika. Inda lantarki ya shiga, ƙwan fitila ya karɓi aikin tugaba.

A daidai wannan lokaci abin da ya haifi ɗakunan baƙi yana ƙarewa. Tun daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara ɗaukar alhazai daga Kano zuwa Jidda, tafiyar da takan ci shekaru ta koma ta sa'o'i. Fasfo da biza suka tsaurara iyakoki. Ayarin masu sanda da gora ya ragu har ya kusa ɗaukewa. Makarantar gwamnati ta ja yara da safe. Masu wa'azin da ba su yarda da ɗariƙa ba, Ansarus Sunna a Sudan kamar Izala a Najeriya, suka gina nasu masallatan, ba ƙubba ba fili. Ɗakin da ya kwanar da alhazai sai ya koma rumbun dawa, ko aji, ko a bar shi. Ginin jalus kuwa ba ya jure rashin mai shi. Damina biyu ko uku ba yaɓe, indararo ya toshe, mirig ya ruɓe, ɗakin ya koma ƙasar da aka ɗebo shi.

Wannan rashi yana da zafi, domin tarihin talaka ba a rubuce yake ba. Na sarakuna yana cikin takardun Turawa. Harshen mutanen yana cikin littattafan Farfesa al-Amin Abu-Manga, ɗan Maiurno, wanda ya yi nazarin yadda Hausa da Fulatanci suka cuɗanya da Larabci a Sudan. Amma labarin wanda ya tsinci auduga shekara ashirin, ya ciyar da baƙi daga guminsa, ya mutu bai ga Makka ba, a jikin waɗannan bangaye yake.

Wutar da ta sake tashi

Shekarun nan sun yi wa yankin tsanani. A Yuli da Oktoba na 2022 rikici a kan ƙasa da sarauta tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun jihar Shuɗin Nilu ya ci ɗaruruwan rayuka, musamman a wajen Rusairis da Wad al-Mahi. Tsohuwar tambayar nan ta wane ne ɗan ƙasa ta sake tasowa a kan mutanen da kakanninsu suke kwance a wannan ƙasa fiye da shekara 100. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF. Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disamban 2023, sojoji suka karɓe ta a Janairun 2025. Sinja ta faɗi a tsakiyar 2024, aka karɓo ta a Nuwamba. Ƙauyuka da kanabi sun sha wuya iri-iri, miliyoyin mutane suka bar gidajensu.

A cikin wannan duhu, kalmar da ta cika bakin mutanen Sudan ita ce takiyya. Matasan unguwa da mata da limamai suka kafa manyan tukwane a masallatai da makarantu da ƙofar gidaje, ana dafa wake da adas da fate, kowa ya zo da kwanonsa ya bi layi, ba a tambayar ƙabila ko ɗariƙa. Ba su nemi sabon suna ba. Sun ɗauko sunan ɗakin girki na masid, wanda aka ɗauka zamani ya wuce da shi. Ashe abin da shehunan Sinnar suka dasa, wanda ya karɓi mutanen Burmi a 1906, bai mutu ba. Toka ce ta rufe shi.

Idan Allah ya kawo zaman lafiya za a sake gini, kuma da siminti za a yi, wannan ba laifi ba ne. Roƙona ga masu ginin shi ne su auna fili kamar yadda kakanni suka auna. Su bar wa karatu wurinsa, su bar wa tukunya wurinta, su sa ƙofar baƙi ta fuskanci hanya. Tsohon ɗakin jalus da ya rage tsaye kuma kada a yi gaggawar rushe shi. A yaɓe shi, a ɗauki hotonsa, a zauna da dattawa a rubuta sunan wanda ya kwaɓa lakar da wanda ya ba da gungumen rufin. Yaron da zai tono garwashi gobe da asuba yana da haƙƙin ya san wanda ya fara hura wutar.